RA'AYI: Mujallar Fim, matasan Gombe da abin da kasafin kuɗi ba ya iya saye

A watan Janairun 2024, lokacin da aka naɗa Ali Nuhu shugabancin Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya, Gombawa sun sami dalilin yin murna irin ta 'yan gida. A Maiduguri aka haife shi, a Jos da Kano ya tashi, amma tushensa yana Balanga, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 11 na Jihar Gombe. Sai dai duk hadimin da aka ɗora wa haɗa tarihin mutumin a wancan mako, in har yana son ya ji abin da Ali Nuhu ya faɗa da bakinsa tun yana saurayi, a zamanin da fim ɗin Sangaya ya sa duniya ta san shi, ba zai tarar da shi a fayil ɗin wata ma'aikata ba. Dole ya nemi tsofaffin kwafin mujallar Fim, waɗanda ke jibge cikin kwalaye a ɗakunan manazarta da gidajen waɗanda suka riƙa sayenta wata-wata.

Wannan misali ya isa ya tayar da tambaya mai nauyi. A yau birnin Gombe cike yake da samari da 'yan mata masu basira: mawaƙan da ke kwana a ƙananan situdiyoyi, masu zane, teloli masu fito da sabon ɗinki, masu ɗaukar hoto, da ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke rubuta gajerun labarai a wayoyinsu. A cikinsu akwai wanda nan da shekara 25 za a kira shi Abuja a ba shi babban muƙami. Wa ke rubuta abin da yake faɗa a yanzu, kuma a ina za a same shi idan ranar ta zo?

Tambayar ta fi zafi a Gombe saboda wani dalili na daban. An ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoban 1996, wato yaran da aka haifa tare da ita yanzu ne suke cikin ganiyar ƙarfinsu. Amma idan baƙo ya shiga intanet yana neman rubutaccen bayani mai tsawo a kan matasan wannan birni, daga cikin abubuwan da zai fara cin karo da su akwai rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2007, wanda ya yi bayanin 'Yan Kalare da yadda 'yan siyasa suka riƙa amfani da su. Rahoton ya faɗi abin da ya faru. Matsalar ita ce abin da aka rubuta shi ne ke wanzuwa, abin da aka bari a baki kuma iska ke tafiya da shi. Saurayin da ya riƙe gora da adda ya shiga tarihi, takwaransa da ya riƙe alƙalami ko kyamara a unguwa ɗaya da shi ya wuce ba tare da an ajiye ko sunansa ba.

Kano da Kaduna sun taɓa tsayawa a irin wannan gaɓa, kuma abin da ya fid da su ya cancanci a duba shi da kyau. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, wanda ake ɗauka shi ne farkon finafinan bidiyo na Hausa. A daidai wannan lokaci littattafan soyayya suna ta yaɗuwa, har wasu manazarta suka laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, sunan da tun asali ba yabo ba ne. Manyan jaridu na kallon duka biyun a matsayin shirmen yara. Daga cikin wannan raini ne mujallun matasa suka ɓullo. A 1998 Tauraruwa ta fito a Kano, kuma a shafinta ne Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiri kalmar Kannywood a 1999, shekara uku kafin jaridar New York Times ta yaɗa kalmar Nollywood a 2002. A watan Maris na 1999 kuma Ibrahim Sheme ya fara buga Fim a Kaduna. Wasu mujallu da dama sun biyo baya, suka yi 'yan fitowa suka ɓace. Fim ce ta daɗe, ta tsallake zamanin kaset da na faifai, yanzu kuma tana kan intanet.

Me ya sa ta karɓu? Amsar da ta fi sauƙi ita ce hotunan taurari, kuma akwai gaskiya a ciki. Matasan Arewa sun daɗe da sanin mujallun finafinan Indiya irin su Stardust, suna kallon hoto ko da ba su iya karanta rubutun ba. Ranar da suka ga fuskar ɗan unguwarsu a bangon mujalla mai launi, da sunansa rubuce da manyan baƙaƙe cikin Hausa, wani abu ya sauya a yadda suke kallon kansu. Amma hoto kaɗai ba ya riƙe mai karatu shekara ashirin. Mujallun da suka mutu ma suna da hotuna. Abin da ya riƙe masu karatun Fim yana cikin salonta, kuma salon nan yana da sassan da za a iya rarrabewa.

Na farko shi ne harshe. Akwai wata irin Hausa da ake rubutawa a ofis, wadda duk mai kunne zai ji Turancin da ke kwance a ƙarƙashinta, jimla ta miƙe kamar an ɗaure ta da igiya. Akwai kuma Hausar da ake rubutawa a waya, wadda ba ruwanta da rabin kalma ko haɗe ta. Fim ta bi tsakanin biyun. Ta ɗauko Hausar da 'yan fim ke yi a wurin ɗaukar shiri da wadda 'yan kasuwar kaset ke ciniki da ita, da zaurancenta da barkwancinta, ta zuba ta a takarda bisa ƙa'idar rubutu. Saurayi na karantawa ya ji muryarsa, malamin Hausa na karantawa bai ga abin da zai ja wa jan biro da yawa ba. Wannan aiki ne na edita, kuma shi ne aikin da ba a gani sai in babu shi. Tushensa ya koma ga Abubakar Imam, wanda tun daga Janairun 1939 ya riƙa rubuta Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya tamkar yana hira da mutane a zaure, har wanda bai iya karatu ba yakan zauna a karanta masa ya ji daɗi.

Na biyu shi ne hira mai tsawo, tambaya da amsa, a bar mutum ya yi magana da bakinsa. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mujallar ba ta tsaya ga jarumai ba. Ta zauna da daraktoci da furodusoshi, da marubutan labari, da masu kiɗan fiyano, da mawaƙan da muryarsu ce ake ji amma fuskar wasu ake gani, har da 'yan kasuwar da ke yanke wa fim farashi. Aka tambaye su inda aka haife su, wa ya koya musu sana'a, nawa suka zuba, me ya haɗa su faɗa da wane. Irin waɗannan tambayoyi ne ake yi wa minista ko shehin malami, kuma yin su ga yaron da ke riƙe fitila a wurin ɗaukar fim wata hanya ce ta ce masa sana'arsa sana'a ce. Matashi na gane mai ɗaukarsa da muhimmanci tun daga tambayar farko, kamar yadda yake gane mai yi masa wa'azi a fakaice.

Na uku shi ne shafin wasiƙu. A nan mai karatu daga wani gari da ba a cika jin sunansa ba yake yabon fim ko ya yi masa kaca-kaca, ya ja kunnen jaruma, ya ƙalubalanci edita, wata mai zuwa kuma wani ya mayar masa da martani. Tun kafin Facebook, wannan shafi ya tara al'ummar da ba ta taɓa haɗuwa ido da ido ba, daga garuruwan Arewa har ƙetaren iyaka. Bambancinsa da sharhin da ake yi a waya shi ne jinkiri da tacewa. Wanda zai sayi takarda da ambulan, ya jira wata guda kafin ya ga sunansa, yakan auna maganarsa, kuma akwai editan da zai ajiye zagi a gefe ya buga hujja.

Na huɗu shi ne rashin tsoron ɓata wa na gida rai. Mujallar da ke zaune a tsakiyar masana'anta, tana cin tallar masana'antar, tana cikin jarrabawar zama 'yar amshin shata. Abin da ya sa ake jiran fitowar Fim shi ne sanin cewa za a ga labarin rigimar shugabanci, da na kuɗin da aka cinye, da na auren da ya mutu, gefe da gefe da labarin nasara. Na biyar, wanda ya fi kowanne wahala kuma ba a cika yaba masa ba, shi ne fitowa a kan lokaci. Mujallar da mai karatu ya tabbata zai same ta a teburin mai sayar da jarida kowane wata ita ce ke zama al'ada. Wadda ke fitowa sai an sami mai ɗaukar nauyi ba ta wuce takardar biki ba.

Amfanin wannan duka ya bayyana a lokacin da masana'antar ta shiga tsaka mai wuya. A ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. Daga 2007 al'amura suka ƙara tsananta, har kotun tafi-da-gidanka ta riƙa ɗaure 'yan fim, cikinsu har da Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a 2008. Kowane ɓangare yana da nasa labarin wannan zamani, kuma ƙwaƙwalwar ɗan Adam na gyara abin da ya wuce don ya dace da yau. Abin da ba ya gyaruwa shi ne abin da aka buga a watan da abin ya faru. Shi ya sa manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Carmen McCain suka dogara ƙwarai da waɗannan mujallu wajen rubuta tarihin Kannywood. Abin da aka raina jiya a matsayin takardar gulma ya zama shi ne hujjar da ake kafawa a kundin digiri na uku. Haka ya faru da Drum a Afirka ta Kudu, wadda ta fara fitowa a 1951 da hotunan mawaƙa da 'yan dambe, yau kuma ba a iya ba da labarin rayuwar baƙar fata a birane a wancan zamani ba tare da ita ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Wasu iyaye da malamai sun ga cewa irin waɗannan mujallu na ɗaukaka mutanen da bai kamata yara su yi koyi da su ba, suna kuma tona asirin da ya kamata a rufe. Gaskiya ne cewa an sha buga abin da bai ƙari kowa da komai ba, an kuma sha ɓata wa mutane suna a kan jita-jita. Amma wanda ya ƙi mujalla saboda gulma ya kamata ya dubi abin da ya maye gurbinta. Gulmar ba ta mutu ba, ta koma TikTok ne, inda babu edita, babu adireshin da za a kai ƙara, babu shafin da za a buga gyara wata mai zuwa. Mujalla tana da suna a bango da ofishi a titi, ana iya maka ta a kotu. Wannan tsoron ne ke sa a buga wa wanda ake zargi waya a ji ta bakinsa kafin a tafi maɗaba'a.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: cewa zamanin takarda ya wuce. Lissafi na goyon bayan masu wannan magana. Kamfanonin takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa ciyar da ƙasa, don haka daga waje ake shigo da mafi yawan takardar da ake bugu da ita, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023 kuɗin ɗab'i ya yi tashin gwauron zabo. Ɗalibin da ke zaɓe tsakanin kuɗin Keke Napep da kuɗin data ba zai sayi mujalla mai sheƙi ba. Sai dai abubuwa biyar ɗin da aka lissafa a sama babu ko ɗaya da ya dogara da takarda. Harshe, doguwar hira, muhawarar masu karatu, 'yancin suka da cika alƙawarin lokaci duk suna iya rayuwa a waya. Abin da waya ba ta bayarwa da kanta shi ne adanawa. Shafi na iya rufewa a dare ɗaya, waya ta faɗa ruwa, asusu ya salwanta, aikin shekara biyar ya tafi. Mafita ita ce a riƙa fitowa a intanet kowane mako, a tattara zaɓaɓɓu a buga 'yan ɗaruruwan kwafi sau biyu ko uku a shekara, don a sami abin da za a ajiye a kanta.

To me mujallar matasan Gombe za ta ƙunsa wanda ta Kano ko Kaduna ba za ta iya ba? A nan ne birnin yake da jarin da bai fara taɓawa ba. Gombe mahaɗa ce. Hanyoyin Bauchi da Dukku da Potiskum da Biu da Yola duk a nan suke gamuwa. A aji ɗaya na jami'a ana samun Bafulatani da Batera da Batangale da Bawaje da Babole, Musulmi da Kirista, kowa da harshen gidansa, Hausa kuma ita ce ta haɗa su a kasuwa da filin ƙwallo. Rikicin Boko Haram ya ƙaro wa birnin dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, waɗanda 'ya'yansu suka girma a Gombe suna ɗauke da labaran da ba a rubuta ba. Hausar da ake yi a Jekadafari da Bolari da Pantami da Herwagana tana da nata ɗanɗano, da aron kalmomi daga Fulatanci da sauran harsunan maƙwabta. Editan da zai goge wannan ɗanɗano don rubutun ya yi kama da na Kano ya zubar da abin da zai sa a sayi mujallarsa.

Akwai kuma tarihi da ke jiran sabon ido. Masarautar da Buba Yero ya kafa ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafaɗa, sannan ta zauna a inda take yanzu a 1919. A Bormi, kusa da Bajoga, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a 1903, a yaƙin da ya rufe babin turjiyar Daular Usmaniyya ga Turawa. Matashin mai zane ko mai ɗaukar hoto da zai je waɗannan wurare da idon ɗan zamani, ko ya hau tudun Tula, ko ya kwana da masuntan Dadin Kowa, zai dawo da abin da babu shi a kowace mujalla ta ƙasar nan. A halin yanzu mai basira daga Gombe yakan tattara ya tafi Kano ko Kaduna ko Abuja kafin a san da shi. Momee Gombe ta kai sunan garin cikin Kannywood, amma a can aka yi mata suna. Babu laifi a fita neman arziki. Asarar ita ce garin da ba ya iya gane ɗansa sai baƙi sun nuna masa shi.

Daga nan maganar ta iso teburin ma'aikatan tarayya da hadiman manya, domin a hannunsu takardun da za su taimaka ko su kashe irin wannan yunƙuri suke bi. Tun daga Agustan 2023 akwai ma'aikata ta musamman mai kula da fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, wadda Hannatu Musa Musawa ke jagoranta. Akwai kuma shirin iDICE na sama da dala miliyan 600 da aka ƙaddamar a 2023 don bunƙasa sana'o'in fasahar zamani da na ƙirƙira. Idan irin wannan kuɗi ya samu, abin da ya fi saurin zuwa zuciyar ofis shi ne a buga mujallar gida. Kowane ma'aikaci ya san irinta: takarda mai kauri, hoton mai gida a bango da shafi na uku da na biyar, jawabin buɗe taro daga farko har ƙarshe, a raba ta a zauren taro a bar rabinta a kan kujeru. Kuɗin da aka kashe mata zai iya riƙe ƙaramar mujallar matasa tsawon shekara, amma babu matashin da ya taɓa aron kwafinta a wurin abokinsa.

Wannan ba ya nufin hannun gwamnati ba ya taɓa yin albarka. Nigeria Magazine ta gwamnati ce, kuma a hannun editoci irin su Michael Crowder da Onuora Nzekwu ta zama taskar da har yau ake komawa gare ta a kan fasaha da al'adun ƙasar nan. Ta yi kyau ne a lokacin da aka bar editoci suka yi aikin edita, ta kuma dusashe da kuɗi ya janye. A ɗaya gefen akwai darasin Kwani? ta Kenya, wadda Binyavanga Wainaina ya kafa a Nairobi a 2003, ta buɗe shafukanta ga harshen matasan titi, ta girgiza adabin Afirka ta Gabas, amma ta dogara ƙwarai da tallafin gidauniyar waje, da tallafin ya ja baya fitowarta ta tsaya. Mujalla mai uban gida ɗaya tana cikin haɗari ko wane ne uban gidan. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Saboda haka taimakon da ya dace shi ne wanda ba ya zuwa da igiya. Hanya ta farko ita ce saye. Ɗakunan karatu na makarantun tarayya, daga Jami'ar Tarayya ta Kashere zuwa kwalejojin gwamnatin tarayya da ke faɗin Arewa maso Gabas, suna iya biyan kuɗin shekara guda na mujallun matasa tun kafin a buga, kuma manyan makarantu dama suna da kason inganta ɗakunan karatu daga TETFund. Ga ƙaramin mawallafi, kwafi ɗari biyu da aka biya tun farkon shekara sun fi kyautar da za a ba shi a gaban kyamara, domin mai saye ba ya gaya wa edita abin da zai sa a bango. Hanya ta biyu ita ce talla. Hukumomin da ke neman isar da saƙo ga matasa a kan rajistar zaɓe ko rigakafi ko shaye-shaye su ba irin waɗannan mujallu talla, su kuma biya cikin wata guda. Jinkirin biyan kuɗin talla ya kashe ƙananan jaridu fiye da yadda takunkumi ya kashe.

Hanya ta uku ita ce adanawa, kuma ita ce ta fi gaggawa. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa kowane mawallafi mai zaman kansa ya miƙa kwafi uku na abin da ya buga. Dokar na nan, amma ƙananan mujallun Hausa da ake bugawa a lungu ba safai suke bin wannan hanya ba, kuma gara da ruwan sama ba sa jiran a kammala taron kwamiti. Hukumar da Ali Nuhu ke shugabanta tana da ma'adanar finafinai da sauti a Jos. Gidan Arewa na nan a Kaduna. Idan aka yi yarjejeniya da masu mallakar Fim da Tauraruwa da sauran takwarorinsu, aka ɗauki hoton kowane shafi aka sa a rumbun da ɗalibi zai iya shiga daga Gombe ko Maraɗi, kuɗin da za a kashe ba zai kai na babban taro ɗaya a otal ɗin Abuja ba. Hanya ta huɗu kuma ita ce a riƙa lissafa edita da mai gyaran rubutu da mai tsara shafi cikin masu sana'ar ƙirƙira a duk lokacin da ake rubuta sharuɗɗan tallafi, a kuma yi fom ɗin da saurayi daga Tudun Wada zai iya cikewa ba sai ya ɗauki ɗan kwangila ba.

Sauran aikin na matasan Gombe ne, kuma babu ofishin da zai yi musu shi. Waɗanda suka fara Tauraruwa da Fim ba su jira a kira su taron masu ruwa da tsaki ba. Sun ga abin da manya suka raina, suka ɗauki rakoda da kyamara suka bi shi har inda ake yin sa. Abin da ake buƙata a yau bai fi haka yawa ba: mutum huɗu ko biyar da za su jure wa juna, ɗaya daga cikinsu ya san ƙa'idar rubutun Hausa kuma yana da zuciyar ce wa abokinsa wannan labari bai nuna ba, sai ranar fitowa da ba za a saɓa ba ko da shafi takwas ne kawai.

Wata rana za a sake yin naɗi a Abuja, sunan da za a kira kuma na wani ne da yanzu haka yake haɗa kiɗa a wani shago a Bolari ko take zane a bayan littafin lacca. A ranar za a sa wani hadimi ya nemo tarihinsa kafin ƙarfe huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko hadimin zai sami shafin da zai buɗe ko ba zai samu ba, ya danganta ne da wanda zai ɗauki rakoda ya je shagon nan a wannan shekara, da kuma jami'in da zai sa hannu a sayi kwafin farko a ajiye.